Ƙafar soja nawa take? A fito da tiyar awo kowa ya gani

A Dumega, cikin gundumar Tibiri ta jihar Doso, akwai kabarin Janar Ibrahim Bare Mainasara, shugaban ƙasar da masu gadin fadarsa suka bindige a filin jirgin sama na Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999. Shekara 16 iyalinsa suka yi suna neman wanda zai saurare su, domin kundin tsarin mulkin da aka rubuta bayan kisan ya yi wa masu hannu a ciki afuwa. Sai a watan Oktoba na 2015 kotun CEDEAO ta yanke wa gwamnatin Nijar hukuncin biyan diyyar miliyon 435 na sefa, ta kuma rarraba kuɗin dalla-dalla: miliyon 75 ga matarsa, miliyon 50 ga kowane ɗaya daga cikin ƴaƴansa 5, miliyon 10 ga kowane ɗaya daga cikin ƴan'uwansa 11. Babu mai bakin cewa kuɗin sun yi yawa, don kuwa rai ba shi da farashi a kasuwa. Abin lura shi ne an yi lissafin a bainar jama'a, duk mai alƙalami da takarda zai iya haɗawa ya ga ya cika 435.

A cikin wannan gunduma ta Tibiri ne kuma, a watan Yunin 2024, ƴan bindiga suka kashe sojoji 6 masu gadin bututun mai a wajen Salkam. Kafin nan, ranar 10 ga Disamban 2019, an auka wa barikin Inates, sanarwar ma'aikatar tsaro ta ce sojoji 71 sun rasu, 12 sun jikkata. Waɗanda suka rasu an yi musu salla, an sassauto da tuta, ƙasa ta yi makokin kwana 3. Su kuwa 12 ɗin nan, da ɗaruruwan ƴan'uwansu da aka kwaso daga Difa da Tilaberi da Tawa, wani ba ƙafa, wani ba ido, wani kunne ya toshe, wa ya san inda maganarsu ta kwana? Da wace tiya aka auna abin da suka rasa, wa ya riƙe tiyar, kuma nawa aka zuba musu a ciki?

Abin da ƙasa ke bai wa sojan da ya nakasa a fagen fama bashi ne take biya. Shi kuwa bashi, in wanda ake bi shi kaɗai ya san lissafi, to mai bin bashin ya shiga uku. Ƴan mazan jiyan ƙasar nan sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun Faransa har kusan rabin ƙarni, kuma babu wata hujja da za ta sa jikokinsu su maimaita wannan karatu a hannun gwamnatin ƙasarsu.

Yadda ake lissafin

Mutane da yawa sun ɗauka lissafin diyyar nakasa wani sirri ne da sai likitan soja da babban akawu suka san kansa. Alhali duk ɗan kasuwar da ya san tiya da farashin tiya, da duk ma'aikacin da ya san andis ɗinsa da darajar maki guda, ya riga ya san kan zancen. Tsarin da ƴan mazan jiyan Afirka ta Yamma suka saba da shi ya samo asali daga dokar Faransa ta 31 ga Maris 1919, wadda aka yi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta kuma amince cewa ramuwa haƙƙi ce ta wanda ya nakasa. Ƙofa ɗaya ce ake shiga, sannan a bi alƙaluma uku.

Ƙofar ita ce shaidar cewa raunin a bakin aiki aka same shi. Takardar da aka rubuta ranar da abin ya faru, da sa hannun shugaban rundunar da na likita, ita ce uwar dosiye. Wanda ya rasa ta, ko da kowa a garinsu ya san inda ya bar ƙafarsa, zai sha faman kai da komowa.

Alƙalami na farko shi ne kashi nawa cikin ɗari na lafiyar jiki mutum ya rasa. Likitoci ke yanke wannan bisa wani kundin awo da ya jera gaɓoɓi da raunuka, ana hawa da biyar biyar. A dokar Faransa raunin da bai kai kashi 10 ba ba a biyansa, ciwon da aka kwasa a lokacin zaman lafiya kuwa sai ya kai kashi 30. In raunukan sun fi ɗaya ba a tara su kai tsaye. A ce an yanke wa soja kashi 60 a ƙafa da kashi 20 a kunne. Ba za a ba shi 80 ba. Za a ce bayan an cire 60 saura lafiyarsa 40, a ƙara wa rauni na biyu 5 ya zama 25, a ɗauki kashi 25 cikin ɗari na wannan 40 ɗin, wato 10, a haɗa da 60, ya tashi da kashi 70.

Alƙalami na biyu shi ne maki. Kowane kashi yana da adadin makin da ya dace da shi, kuma makin na ƙaruwa da galo, don haka ƙafar hafsa ta fi ta kurtu nauyi a ma'auni. Ga ƙaramin soja, kashi 10 maki 48 ne, kashi 70 kuwa maki 336.

Alƙalami na uku shi ne darajar maki guda. A shekarar 2024 Faransa na biyan yuro 15.90 a kan kowane maki, wato kusan sefa 10,430, jikka goma da ƴan kai. In aka ninka 336 da wannan, mai kashi 70 ɗin nan zai karɓi kimanin miliyon uku da rabi na sefa a shekara, abin da ya kusa jikka 292 a wata.

Iyakar sirrin ke nan. Kashi, maki, darajar maki. Wanda ya fahimci wannan ya kuma fahimci wuraren da ɓera ke iya shiga rumbu. Ana iya ɓatar da takardar shaida, ana iya rage kashin a ɗakin likita, ana iya barin makin yadda yake a ƙanƙance darajarsa. Faransa hanya ta ƙarshe ta bi, domin ita ce ba ta da hayaniya.

Kura da shan bugu

Turawan mulki sun kwashi samari daga Arewa da Zabarma da Adar da Damagaram, suka laƙaba musu sunan sojan Senegal ko da kuwa ba su taɓa ganin Dakar ba, suka kai su yaƙin 1914, da na 1939, da Indoshin, da Aljeriya. Ƙasar Arewa, wadda a 1899 Sarauniyar Lugu ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine, ita ma ba ta tsira daga wannan kwasa ba. Tun ranar 1 ga Disamban 1944 aka ga alamar yadda biyan zai kasance, ranar da sojojin Faransa suka buɗe wuta a barikin Thiaroye kusa da Dakar a kan sojojin Afirka da suka dawo daga kurkukun Jamus suna neman kuɗinsu. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Da guguwar ƴancin kai ta taso, majalisar Faransa ta cusa wani sashe, na 71, a cikin dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamban 1959. Sashen ya ce daga 1 ga Janairun 1961 fanshon ƴan ƙasashen da suka fita daga hannun Faransa zai tsaya cik a kan farashin ranar da aka juya shi. Wannan shi ne abin da aka sani da daskarar da fansho. Shi kuwa Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da Ba'are, tun daga dokar 1948 aka ɗaure fanshonsa da albashin ma'aikatan gwamnati, duk lokacin da albashi ya motsa nasa ma ya motsa. Rauni ɗaya, kashi ɗaya, amma tiyar wannan na girma kowace shekara, ta wancan na nan yadda take tun zamanin Jori Hamani, ga tsadar rayuwa na cinye ta kamar gara.

Alƙaluman da jaridun Faransa suka yi ta bugawa a 2006 sun isa shaida. Nakasasshen yaƙin da ke karɓar yuro 690 a wata in Bafaranshe ne, yuro 230 yake samu in ɗan Senegal ne, 104 in ɗan Kamaru ne, 61 in ɗan Maroko ne ko Tunusiya. Harsashi bai tambayi kowa katin ɗan ƙasa ba kafin ya huda shi, sai a bakin tagar biya aka tuna da wannan tambaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a mayar da haƙƙin nan don Allah da Annabi ba, ƙwato shi aka yi taki ɗaya bayan ɗaya. A watan Afrilun 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba tsoffin sojojin Senegal 743 gaskiya a ƙarar da Ibrahima Gueye ya jagoranta, Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Ranar 30 ga Nuwamban 2001 babbar kotun da ke hukunta gwamnati a Faransa ta ce an nuna wa Amadou Diop, wanda ya yi aikin soja daga 1937 zuwa 1959, bambancin da doka ta haramta. Shi mai ƙarar ya riga ya rasu tun 1996. A ƙarshen 2002 aka ɗan buɗe hannu, amma aka ce za a biya kowa gwargwadon tsadar rayuwar ƙasarsa, wai don rayuwa ta fi sauƙi a Afirka. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shigo da kaya ta Kwatano ya san ƙafar roba da keken guragu da magani ba a Dumega ake ƙera su ba, kuma kafin su iso nan sun fi yadda suke a Faransa tsada.

Sai da fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb ya fito a 2006 ya ba shugaba Jacques Chirac kunya, sannan aka daidaita darajar makin fanshon nakasa da na kuɗin ƴan mazan jiya daga 1 ga Janairun 2007. Sauran fanshon ritaya kuma sai da kotun tsarin mulkin Faransa ta rushe dokokin daskarewar ranar 28 ga Mayun 2010. Daga 1961 zuwa 2007 shekara 46 ke nan, kuma ba a mayar da gibin waɗannan shekaru ba. Saurayin da ke da shekara 25 a 1944, in Allah ya ja da ransa, yana da 88 ranar da aka cika masa tiya. Mafi yawansu ƙasa ta riga ta rufe musu ido. Babu akawun da ya kai mutuwa iya rage wa gwamnati bashi, kuma waɗanda suka yi ta jan ƙafa sun san da haka.

Ko a wannan gyaran ma an bar tarko. An ce wani ɓangaren daidaitawar sai mai haƙƙi ya rubuta takardar nema cikin wa'adi. Takardun aikinsa suna ajiye a birnin Pau, masu duba dosiye suna La Rochelle, masu biya suna Nantes, shi kuwa tsohon ko matar da ya bari suna wani ƙauye a Dallol Mauri, ba boko, ba mai karanta musu wasiƙa. Tun farkon 2024 kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe ƙofa. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, ribar wanda ake bi ce.

Laifi tudu ne

Zagin Faransa a kan wannan batu halas ne, kuma ta cancanci fiye da haka. Sai dai laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani. Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar ƙasar nan a Disamban 2023. Samarin da nakiya ke tashi da su yau tutar Nijar suke ɗauke da ita, kuma baitulmalin Nijar ne ya ci bashinsu.

Sau 5 sojoji suka karɓi mulki a ƙasar nan: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Na farkonsu, Seyni Kunce, shi kansa tsohon sojan Faransa ne da ya ga Indoshin da Aljeriya, ya san zafin daskarewar a jikin abokan aikinsa. Ƙasar da masu kaki suka riƙe tsawon waɗannan shekaru, kamata ya yi a ce ko yaron da ke tallan goro a tashar Dogondutsi ya haddace haƙƙin sojan da ya nakasa. To a shiga kasuwa a tambayi mutum goma, a tambayi ma iyayen sojojin kansu, kashi nawa ake ba wanda aka yanke wa hannu, maki nawa ne, nawa ne darajar maki, wata nawa dosiye ke yi kafin a biya, ina ake kai kuka in an ga ba daidai ba. Amsar da za a samu ita ce ta nuna inda aka kwana.

Za a ce ai dokoki suna nan. Suna nan mana, a cikin jaridar gwamnati, da Faransancin lauyoyi, cikin kabad ɗin wani biro a Yamai. Haka ma sashe na 71 yana nan a rubuce tun 1959, bai hana tsoffi mutuwa ba su san abin da ya cinye musu kuɗi ba. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa. In wannan magana ta wuce ado, to takarda ta farko da ta cancanci a juya ta zuwa Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa ita ce wadda ke faɗa wa kurtu farashin gaɓoɓinsa.

Za a ce sirrin tsaro ne. Sirrin tsaro shi ne inda runduna za ta kwana da hanyar da za ta bi gobe. Kundin awon nakasa ba ya faɗa wa abokin gaba komai. Faransa da Amurka, waɗanda suka fi kowa son ɓoye sirrin soja, sun baza nasu kundin a intanet, duk tsohon soja na iya zama ya lissafa abin da zai samu kafin ya je gaban likita. Wanda ɓoye kundin ke karewa shi ne mai rage kashi don a sa masa hannu a aljihu, da mai danne dosiye har sai an san na yi.

Za a ce baitulmali babu kuɗi. Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, sun san wannan waƙar, sun kuma san ba kowa ne ya yi azumin dole a lokacin ba. A 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya ambaci kimanin miliyar 76 na sefa da suka salwanta a cinikin makamai, tsakanin aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. A auna wannan da tiyar Faransa mai tsada, wadda ke ba mai kashi 70 miliyon uku da rabi a shekara. Miliyar 76 za su biya irin wannan soja 1,000 har fiye da shekara 20. Tun Oktoban 2023 kuma aka kafa asusun ceton ƙasa, ana cirar dala biyu biyu a kuɗin waya, ƴan kasuwa da ma'aikata na zubawa. Wanda ya zuba kuɗinsa yana da ikon tambayar nawa ne a ciki ya isa hannun wanda ya bar ƙafarsa a daji.

Za a ce ai ana taimaka musu. Lalle akan ga manya a talabijin sun je asibiti da buhunan shinkafa da ambulan, ana ɗaukar hoto, majinyaci na godiya. Allah ya saka wa mai kyauta. Amma buhun shinkafa wata ɗaya yake yi, gurguntaka kuwa har kabari. Mai karɓar sadaka godiya ce tasa, in an hana shi ba shi da ta cewa. Mai bin bashi yana da ranar biya, yana da adadi, yana da alƙali. Duk gwamnatin da ta mai da mai bin bashi almajiri ta ci moriyar ganga ta yada kwaurenta.

Masu mulki kuma kada su manta da tarihin barikokinsu. A Fabrairun 1992 ƙananan sojoji sun kama gidan rediyo a Yamai, suka tsare shugaban majalisar riƙon ƙwarya André Salifou, a kan albashin da ba a biya su ba. A 2002 aka sake ganin irin wannan bore a Difa. Sojan da ke bakin daga yana kallon yadda aka yi da wanda ya riga shi faɗuwa, kuma da wannan yake auna ko ya tsaya ko ya ja da baya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya kamata a yi

Bayyana farashin gaɓa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk almajirin da ya karanta Risala a zaure ya san diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, hannu ɗaya rabin diyya, ido ɗaya na mai ido biyu rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Yatsan attajiri da na matalauci farashinsu ɗaya. An rubuta, an karantar, an haddace, don kada alƙali ya yi yadda ya ga dama. Abin da malaman fiƙihu suka yi shekara dubu da ta wuce bai kamata ya gagari ma'aikatar tsaro ba.

Na farko, a buga kundin awon da teburin maki da darajar maki cikin harsunan ƙasa, a karanta su a Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara, a manna su a ƙofar kowace bariki da ofishin kowane magajin gari.

Na biyu, a ɗaure darajar makin da albashin ma'aikata a cikin doka, ta yadda duk ranar da albashi ya ƙaru diyya ma ta ƙaru ba sai an roƙi kowa ba. Fanshon da ba a ɗaure da komai ba daskararre ne ko da ba a kira shi da wannan suna ba, domin farashin tiyar hatsi ba ya jiran sa hannun minista.

Na uku, a ba kowane soja da ya ji rauni kwafin takardar shaidarsa a hannunsa kafin ya bar asibiti, a ba iyalinsa wani. Iyayen da ke da ɗa a soja su riƙe wannan da kyau: takardar ranar rauni ta fi lambar yabo amfani.

Na huɗu, kwamitin likitocin da ke yanke kashi ya riƙa zagayawa jihohi da gundumomi. Ba daidai ba ne gurgu ya sayar da akuyar matarsa ya hau mota daga Dumega ko Gesheme ko Kore Mairuwa zuwa Yamai, a ce masa ya dawo wata mai zuwa. A kuma yanka wa'adin da dosiye ba zai wuce ba, in ya wuce a biya mai shi da ƙarin jinkiri, don ciwon jan ƙafa ya koma kan mai jan ƙafar.

Na biyar, a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara da ta sake awo. Rauni yakan tsananta da shekaru, shi ya sa dokar Faransa ta yarda a sake duba fansho in nakasar ta ƙaru da kashi 10. Kotun CEDEAO da ta share wa iyalin Bare hawaye, Nijar ta fice daga ƙungiyarta tun Janairun 2025. Tunda an rufe waccan ƙofa, wajibi ne ta cikin gida ta kasance a buɗe, kuma kurtu ya iya shigarta ba tare da tsoron galo ba.

Na shida, a sa raunin da ido ba ya gani a cikin ma'auni. Akwai wanda ya dawo da gaɓoɓinsa cif, amma ba ya barci, ƙarar salansar babur na sa shi neman maɓoya, gida ya gagare shi zama. A ƙauye sai a ce iska ce ta taɓa shi, a yi ta yawon gidajen masu magani har abin hannu ya ƙare. Faransa kanta sai a Janairun 1992 ta shigar da taɓuwar hankali ta dalilin yaƙi cikin kundin awonta. Babu dalilin da zai sa Nijar ta jira nata shekarun kafin ta yi haka.

Na bakwai, a tuna da ko wane ne ake aunawa. Kundin da aka gada daga Turawa gaɓa yake aunawa, bai damu da sana'ar mai gaɓar ba. Akawun da ya rasa ƙafa zai koma kan kujerarsa. Ɗan manomin Arewa da ya rasa ƙafa ya rasa gona, ya rasa ci-rani, wani lokaci har auren da aka sa masa rana. Kashi 60 a biro daban yake da kashi 60 a bakin kunya. Ƙasar da mafi yawan sojojinta ƴaƴan manoma da makiyaya ne ya kamata kundinta ya san da wannan, ko ta ƙarin maki ko ta koyar da sana'a da ba da jari.

Akwai kuma sauran bashin da ke wuyan Faransa. Matan ƴan mazan jiya da suka rage a raye ba su da yawa, kuma kowace damina suna raguwa. Rikicin gwamnati da gwamnati bai shafe haƙƙinsu ba. Aikin hukumomin Nijar ne su ƙidaya su gari gari, su taimaka musu da rubuta takardu, su bi musu kadin kuɗinsu ta duk hanyar da ta rage. Mai ƙaunar ƴancin ƙasa na gaskiya ba ya barin ko tamma ɗaya ta tsohuwar Ba'ara a baitulmalin Paris.

Ɗan kasuwa ba ya sayen hatsi a tiyar da aka ɓoye a bayan buhu, ma'aikaci kuma ba ya sa hannu a takardar albashin da ba a rubuta andis ɗinsa ba. Waɗannan biyun ne ke biyan harajin da ake sayen bindiga, ƴaƴansu da ƙannensu ne ke riƙe ta. Ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwa, waɗanda suka iya rufe kasuwa da ofis a kan kuɗin kwastan da bashin albashi, su sa wannan tambaya cikin jerin buƙatunsu, su yi ta maimaita ta har a ba da amsa a rubuce: kashi nawa, maki nawa, nawa ne maki guda, kuma yaushe ne ranar biya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya ba waɗanda suka jikkata lafiya, ya kuma ba masu riƙe da tiya tsoron ranar da za a auna musu da ita.